Ɗumama daɓe a sabon gida a Ingila: nawa zai ci maka?

Assalamu alaikum, jama'a. Duk wanda ya taɓa tashi sallar asuba a Manchesta ko Lids cikin watan Janairu ya san sanyin da nake nufi. Ka sauko daga gado, ka taka tayil ɗin banɗaki za ka yi alwala, sanyin ya ratsa tafin ƙafarka har ya kai ƙashi. Mu kuma mutane ne masu zaman ƙasa. A ƙasa muke shimfiɗa darduma, a ƙasa yara ke wasa, a ƙasa ake haɗuwa a ci tuwo idan baƙi sun zo. Shi ya sa maganar ɗumama daɓe ta shafe mu sosai.

Idan ka je sayen sabon gini, irin waɗanda manyan kamfanoni kamar Barratt, Persimmon da Taylor Wimpey ke yi, farashin da aka rubuta na gidan ne yadda yake. Bayan ka biya kuɗin kamun gida sai a kawo maka jerin ƙare-ƙare: kafet, tayil, fitilu, kabad. Wasu masu ginin kan sa ɗumama daɓe a cikin jerin, wasu ba sa yi sam. Tambayar farko ita ce: wane iri ne?

Iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazara mai yawa.

Na farko na lantarki ne. Wata siririyar tabarma ce ta waya, ana shimfiɗa ta a ƙarƙashin tayil. Sa ta ba wuya, kuɗinta ba yawa. Amma mu yi lissafi tare. Irin wadda aka fi sawa tana jan wat 150 a kowane murabba'in mita. A ce kicin ɗinka da wurin cin abinci murabba'in mita 20 ne, kenan yunit 3 na wuta a awa ɗaya. A shekarar 2025, bisa ƙa'idar farashin da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan farashin wuta da gas a Birtaniya, ke fitarwa, yunit ɗaya na wuta yana tsakanin peni 25 da 27, na gas kuwa peni 6 zuwa 7. Kusan ninki huɗu ke nan. Idan tabarmar nan ta yi awa 4 tana aiki kullum, ta ci fam 3 a rana, wajen fam 90 a wata, a ɗaki ɗaya tak. A banɗaki mai murabba'in mita 4 kuwa, peni 15 ne ko ɗan sama da haka a awa. Wannan ana iya ɗauka, kuma a ganina nan ne kaɗai wurin da ya dace da ita.

Na biyu na ruwa ne. Ana jera bututun roba a kan abin tare sanyi, ana lanƙwasa shi layi-layi har ya cika ɗakin, sannan a zuba siminti a kai. Ruwan ɗumi ne ke zagayawa a ciki. Radiyeta, wato ƙarfen nan da ke manne a bango, ya saba buƙatar ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70. Daɓe kuwa, da yake gaba ɗayansa ne ke fitar da ɗumi, digiri 35 zuwa 45 ya wadatar. Tun watan Yuni na 2022 dokar gini a Ingila ta ce a tsara sabbin gidaje yadda ruwan ɗumama ba zai wuce digiri 55 ba, kuma gwamnati na karkata ga barin tukunyar gas a koma na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje. Na'urar nan, duk yadda zafin ruwan ya yi ƙasa, haka take rage shan wuta. Idan gidan da za ka saya da ita za a ba ka shi, bututun daɓe ne abokin tafiyarta.

To, ina kuɗin? Na ruwa a ƙasan gida gaba ɗaya, ka shirya jin dubban fam. Kada ka karɓi adadin haka kawai. Ka tambaye su: radiyetocin da ba za ku sa a ƙasa ba, kun cire kuɗinsu? An haɗa da na'urar daidaita zafi ta kowane ɗaki? A ba ka amsa a rubuce.

Ga kuma inda mutane ke shan mamaki. Yawanci kuɗin ƙare-ƙaren nan daga aljihu ake biya, tun gini bai ƙare ba, kuma ba lallai bankin da zai ba ka bashin gida ya ɗaga darajar gidan saboda su ba. Wato a daidai lokacin da kake tattara kuɗin kafin-alƙalami da na lauya, sai ga wata hidimar. Abin da za ka yi shi ne ciniki. Masu gini sun fi son su ƙara maka kaya a kan su rage farashin gida, kuma bankuna da dama na amincewa da irin wannan ihsani har kashi 5 cikin 100 na farashin. Ka ce a sa maka bututun a cikin ihsanin. Ka faɗa tun kafin ka sa hannu, don da zarar an zuba siminti magana ta ƙare. Bayan nan sai dai a fasa daɓe, ko a ɗora wani a kai, a datse ƙofofi.

Kafin ka yarda, ka dubi yadda kake zaune. Daɓen siminti yana ɗaukar awanni kafin ya yi ɗumi, yana kuma daɗewa bai huce ba. Ga iyalin da ke wuni a gida, madalla. Ga nas ko likitan da ke fita tun duku-duku ya dawo da dare, sai an saita shi da lokaci. Kafet mai kauri yana danne ɗumin. Ma'aunin yadda kafet ke tare ɗumi, wanda suke kira tog, kada ya wuce 2.5 idan an haɗa kafet da shimfiɗar ƙasansa. Daɓen katako kuma ba ya son zafin da ya haura digiri 27.

Sai garanti. Na NHBC, kamfanin da ke ba sabbin gidaje garanti, shekara 10 ne, amma shekara 2 na farko ne mai gini ke gyara ƙananan matsaloli, sauran sun fi shafar ƙashin ginin. Ka gwada kowane ɗaki tun hunturun farko. Sannan ka roƙi mai kula da aikin ya ɗaukar maka hoton bututun kafin a rufe su, ya ba ka taswirar yadda suka bi. Ka ajiye ta tare da takardun gida, ka nuna wa duk kafintan da zai huda ƙasa ya kafa wani abu.