Word, Markdown ko Sphinx: da wanne za ka rubuta takardun bayanin manhajarka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan bidiyon. Yau magana ce a kan takardun nan da ke raka manhaja ko na'ura, waɗanda ke faɗa maka yadda ake girka abu, yadda ake amfani da shi, da abin da za ka yi in ya ƙi tashi. Tambayar da ake yawan turo min ita ce, malam da Word zan rubuta ko da Markdown, ko kuwa in zauna in koyi Sphinx ɗin nan da masu rubuta kod da yaren Python ke ta kurantawa? Toh ni dai abin da nake fara tambaya shi ne, waye zai zo ya gyara takardar nan bayan wata shida, lokacin da manhajar ta canza kuma kai ka koma wani aikin? In mai rubuta kod ne, amsa daban. In ma'aikaciyar ofis ce da ba ta taɓa buɗe baƙin allon nan na buga umarni ba, amsa daban.

Mu fara da Word, tunda kowa ya san shi. Ku duba allo, ga folda nan: jagora, jagora sabo, jagora na ƙarshe, jagora na ƙarshe gyaran oga, jagora na ƙarshe 2. Wanne ne na gaskiya? Babu wanda ya sani, har shi wanda ya rubuta ɗin. Kuma matsalar ba sakaci kaɗai ba ce, fayil ɗin Word, wato docx, a cikinsa tarin fayilolin XML ne, wato rubutu mai cike da alamomin tsari, da aka ƙunshe wuri guda aka matse, don haka in ka sa shi a Git, manhajar da ke bin sawun duk gyaran da aka yi wa fayiloli, zai dai ce maka fayil ya canza amma ba zai nuna maka layin da aka taɓa ba. Amma fa kar wani ya raina Word. In takardar za ta bi ta hannun lauya, ko kwastoma ne zai karanta ya yi gyara ya sa hannu, toh bin sawun gyaran da ke cikin Word da Google Docs ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba, kuma tilasta musu koyon Git ɓata lokacin kowa ne. Confluence da Notion, dandalin rubutun haɗin gwiwa a intanet, su ma haka, kowa zai iya shiga ya rubuta, sai dai shafuka su yi ta taruwa babu mai sharewa, kuma mafi yawan aikin sai da intanet.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗauki takardar kamar kod. Ka rubuta ta da tsurar rubutu, ka ajiye ta a ma'ajiya ɗaya da kod ɗin manhajar a cikin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Ga abin da ya sa nake son wannan, ku kalla da kyau. Injiniya ya canza lambar tashar da saba ke saurare daga 8080 zuwa 3000. A cikin buƙatar haɗe gyaran da ya tura, abin da GitHub, shafin da ake ajiye ma'ajiyoyin Git a intanet, ke kira pull request, ga jan layi a fayil ɗin kod, 8080, ga koren layi a ƙasansa, 3000. Sai mai dubawa ya gangara ya ga babu jan layi ko kore a fayil ɗin jagorar girkawa, sai ya ce masa malam koma ka gyara takarda kafin mu karɓa. Shi ke nan, an tare kuskuren tun kafin wani bawan Allah ya kwana yana buga 8080 yana zagin kwamfutarsa. Sannan ga wata riba da ta shafe mu kai tsaye: Git yana aiki a kan kwamfutarka ba sai da sabis ba, netwok ya ɗauke ka ci gaba da rubutu kana ajiye gyararrakinka, in ya dawo ka tura, kuma abin da za ka tura ɗin rubutu ne zalla, bai cin wata data ta a zo a gani.

Toh a cikin wannan hanyar ma akwai zaɓi. Markdown shi ne mafi sauƙi, John Gruber ne ya fitar da shi a 2004, kuma da ma don rubutun shafukan intanet ya yi shi, ba don littafin jagora mai shafi ɗari biyar ba. Alamar # a farkon layi ta zama kan magana, tauraro biyu gaba da baya rubutu ya yi kauri, cikin rabin awa ka iya. Sai dai na asalin ko tebur ba shi da shi, shi ya sa kowa ya zo ya ƙara nasa, GitHub da nasa salon, wasu da nasu, har sai da aka fito da CommonMark a 2014 don a daidaita tushen. Ma'ana abin da ya fito tsaf a wani wuri zai iya wargajewa a wani. Duk da haka manya na amfani da shi, takardun MDN, jagorar masu gina shafukan intanet ta kamfanin Mozilla, sun koma Markdown a 2021. In za ka mayar da fayilolin su zama shafin intanet, MkDocs ya ishi yawancin mutane, fayil ɗaya ne na saiti mai suna mkdocs.yml, ka buga mkdocs serve, ka buɗe burauza, kana gyara rubutu shafin na sabunta kansa. Docusaurus na Facebook, wanda ya fito a 2017, ya fi shi ado kuma yana riƙe takardun tsohuwar siga da sabuwa a tare, amma sai ka girka Node.js, manhajar da yake gudana a kanta, kuma tarkacen da zai sauke maka a karon farko ba kaɗan ba ne, ka tabbata kana da data.

In takardun sun yi yawa har wannan shafi na nuni zuwa wancan, wancan na nuni zuwa wani sashe can ciki, nan ne Markdown ke fara gajiya, nan kuma Sphinx ke nuna kansa. Georg Brandl ne ya rubuta shi a 2008 saboda takardun Python, yana amfani da reStructuredText, wani salon tsurar rubutu mai alamomi kamar Markdown. Ka ba sashe suna, ka kira shi daga ko ina, in wani ya goge sashen ko ya canza masa suna Sphinx zai yi maka gargaɗi lokacin ginawa, ba sai mai karatu ya danna ya faɗa rami ba. Yana kuma iya zaro bayanan da aka rubuta a cikin kod ɗin Python ya jera su da kansa. Masu kernel, wato zuciyar tsarin Linux, ma a 2016 suka fara barin tsohon tsarinsu na DocBook suka koma kansa. Aibinsa, reStructuredText akwai tsirfa, tazara ɗaya ta ɓace a farkon layi sai jerinka ya lalace, wallahi yana iya sa mutum ciwon kai a makon farko. Amma yanzu akwai MyST da ke ba ka damar rubuta Markdown a cikin Sphinx, kuma Read the Docs na ɗora takardun manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe kyauta. AsciiDoc, wani salon tsurar rubutun, shi ma yana nan a tsakiya, da shi aka rubuta takardun Git kansa, in kuma takardunku na warwatse a ma'ajiyoyi da yawa Antora na tattaro su wuri guda.

Sai babbar mota, DITA. A IBM aka haife ta, ta zama ƙa'idar OASIS, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin fasaha, a 2005, XML ce, kuma ba a rubuta littafi a cikinta, gutsattsari ake rubutawa: wannan bayanin mene ne abu, wannan matakan aiki, wannan teburin alƙaluma, sai a harhaɗa. A ce kamfani na ƙera inbata kala goma sha biyu, kowace da littafinta, kuma duka suna ɗauke da gargaɗi iri ɗaya a kan haɗa batir. A DITA sau ɗaya za a rubuta gargaɗin, littattafan duka su jawo shi, ranar da aka gyara kalma ɗaya ta gyaru ko ina. Wannan aiki ne na gaske. Amma editocin da ake aikin da su irin su Oxygen lasisinsu da dala ake biya, haka ma FrameMaker da MadCap Flare da ke wannan kasuwar, ga horar da ma'aikata, ga wanda zai riƙa kula da tsarin. Ku uku ne a ofis da manhaja ɗaya? Sayen tirela ne don ɗauko buhun shinkafa ɗaya, ku bar shi kawai.

Wani zai ce toh ni a Markdown nake rubutu amma oga Word yake so. Pandoc, na John MacFarlane, tun 2006 yake aikin juya fayil daga wannan tsari zuwa wancan. Ka buga pandoc jagora.md -o jagora.docx, ga fayil ɗin Word ya fito. Abin da za ku yi hattara da shi shi ne dawowar, in oga ya yi gyara a Word ɗin kar ku bar shi ya zama asali na biyu, wani ya zauna ya mayar da gyaran cikin Markdown, in ba haka ba kun koma folda mai na ƙarshe 2.

Kafin ku yanke hukunci ku yi gwaji ɗaya. Ku ɗauko shafi mafi wahala da kuke da shi, mai tebur da hoto da gargaɗi da guntun kod, ba shafin gabatarwa ba, ku rubuta shi a kayan aiki biyu da kuke tunani, sannan ku ba wanda ya fi kowa nisa da harkar kod a cikinku ku ce ya gyara jimla ɗaya ya fitar. Ku zauna ku kalle shi kar ku taimaka. Inda ya maƙale nan ne takardunku za su riƙa tsufa.

Masu rubutawa da Hausa ko masu niyyar fassarawa, a wannan shafin gwajin ku sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ tun ranar farko. A shafin intanet in fayil ɗin UTF-8 ne, wato tsarin ajiye rubutu da ke ɗaukar haruffanmu, yawanci lafiya lau, amma wajen fitar da PDF ake jin jiki, don Pandoc da Sphinx duka ta LaTeX, manhajar tsara shafukan bugawa, suke bi, kuma injin pdflatex da suke fara ɗauka yakan tsaya da kuskure a kan haruffan nan. Ku sauya zuwa xelatex ku zaɓi salon haruffa da ke ɗauke da su, irin Noto Sans ko Charis SIL. Ku gwada akwatin bincike ma, don mutanenmu da yawa kofa za su buga ba ƙofa ba, kuma injin binciken yawanci kalmomi biyu daban yake ganinsu, sai ya ce babu sakamako alhali shafin na nan. Wajen fassara kuwa Sphinx na fitar da fayilolin fassara na tsarin gettext, sakin layi bayan sakin layi, in an canza na Turancin sai ya yi wa fassarar alama cewa tana buƙatar a sake dubawa, mai fassara ba sai ya karance littafin daga farko yana neman abin da ya canza ba.

A bidiyo na gaba za mu girka MkDocs tare daga farko, mu ɗora shafin a GitHub Pages, wurin ɗora shafukan intanet na GitHub, ku tanadi Python a kwamfutarku kafin nan. Sai mun haɗu.