Amsoshin Tambayoyinku: Motar da cikinta ke gurzar ƙasa

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta fito. Mai ita ya ce ya sayi mota ƴar Kwatano, ashe wanda ya riƙe ta a Turai ya sauke ta ƙasa don gayu, yanzu duk tudun rage gudu sai cikinta ya gurza. Yana tambaya ko tana ɗaguwa.

Malam, tana ɗaguwa, amma sai an san yadda aka sauke ta. A cire taya a leƙa amortisa, wato ƙarfen da ke shanye girgizar mota. In ka ga jikinta da zare irin na noti, da zobba biyu na ƙarfe a ƙarƙashin resor, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, to ka yi sa'a, irin wadda ake murɗawa ce. Zoben sama shi ke ɗauke da resor, na ƙasa shi ke kulle shi. Wasu kuma daga gindi ake murɗa su, ba a taɓa resor ɗin.

Kafin a taɓa komai, a kai motar kan siminti mai lebur, ba yashin bakin garaji ba, a daidaita iskar tayoyi. Sai a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodin da ke samanta, duka huɗun, a rubuta. Da ido ba a wannan aiki, ko me bakanike zai ce maka. A ɗaga motar a tokare ta da kyau, kada a bar ta a kan jak kaɗai. Nan ne ƙurar garinmu ke nuna halinta: ta shige zaren nan ta daskare, in aka murɗa da ƙarfi sai zoben ya ci zare, shi ke nan an yi asara. A goge da buroshi, a fesa mai, a bar shi ya jiƙa. Makullinsa daban ne, mai baki kamar ƙugiya. Masu dukansa da guduma da kurfi lalata haƙoransa suke yi.

Zagaye ɗaya yakan ba da milimita 1.5 zuwa 2 ne kawai, don haka ɗaga ta ko da santimita 3 aikin haƙuri ne. Abin da aka yi wa dama, shi za a yi wa hagu. A sauke motar, a ɗan zagaya da ita ta zauna, a sake awo. Ƙananan motoci da yawa da tazarar wajen santimita 14 zuwa 16 tsakanin cikinsu da ƙasa suke fitowa daga kamfani, kuma mai bin hanyar Ɗan Isa ko lungunan Maradi da damina, can ya kamata ya nufa, muddin bai wuce iyakar zaren ba. Daga nan sai wurin masu daidaita ƙafafu, domin tsayi na canzawa, tsayuwar taya ta canza, sai ka ga ta cinye gefe ɗaya. A duba saitin fitilu ma.

Wani kuma daga Tibiri ya ce ƙanensa yanke resor ya yi da injin yankan ƙarfe, ko a yi masa walda? A'a, ɗan'uwa. Zafin walda kashe ƙarfin resor yake yi, wata rana ya karye ana cikin gudu. A sayo wasu, biyu-biyu, gaba tare ko baya tare, a duba amortisa ɗin ma, don gajeren resor ya riga ya wahalar da su.