Amsoshin Tambayoyinku: Me ya kawo jiragen yaƙin Ingila Kano da Maiduguri?

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Filinku ne na Amsoshin Tambayoyinku, kuma wasiƙun wannan mako sun taru a kan jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Malaminmu na tarihi yana nan tare da ni. Allah ya gafarta malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Malama. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Bari in fara sallamar gajeru. Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya, wane shugaban Amurka ne ya fara tafiyar aiki a jirgin sama yana kan mulki? Franklin Roosevelt ne, a watan Janairun 1943, da zai je taron Kasabalanka a Maroko don ganawa da Firayim Ministan Ingila Winston Churchill. Ta Brazil ya biyo, ya sauka a Bathurst, wato Banjul ta yau.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce me ya hana Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, zuwa wannan taro? An gayyace shi, ya ce ba zai bar gida ana tsakiyar gumurzu da Jamusawa a birnin Stalingrad ba. Sai 2 ga Fabrairu aka gama wannan faɗa.

Sai wani bawan Allah daga Kumasi da ya jero mana tambayoyi bakwai a takarda ɗaya. Haba ɗan'uwa, filin ai na kowa ne! Mun gode da ƙauna, amma guda za mu ɗauka. Ya ce wai gaskiya ne Ingila ta hana Faransa jirage a 1940, alhali ƙawarta ce? Malam, a taƙaice don Allah.

Malam: Ta bayar, har ta yi asarar ɗaruruwa a can. Amma da Firayim Ministan Faransa Paul Reynaud ya yi ta neman ƙari, sai Hugh Dowding, mai kula da jiragen tsaron Ingila, ya ce idan aka ci gaba da kwasa ba abin da zai rage na tsare gida. A watan Yuni Churchill ya ce iyakar ke nan. Faransawa sun daɗe da wannan abu a zuci.

Mai gabatarwa: To, yanzu ga wadda za mu zauna a kanta, domin ta zo mana daga Kano, daga Maiduguri, har daga Njamena. Zan karanta ta wani magidanci daga Fagge. Ya ce kakansa yakan ba su labari cewa yana saurayi ya yi aikin gangara durorin mai a filin jirgin Kano, jirage na sauka garke-garke, su sha mai, su yi gabas. Shi ne yake tambaya, gaskiya ne? Idan gaskiya ne, me ya kawo su nan alhali a Turai ake yaƙin?

Malam: Kakansa bai ƙara gishiri ba. Amma kin san maganar jirgi a Kano ta girmi yaƙin. Tun a watan Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Wanda ya jagorance su wani matashin hafsa ne, Arthur Coningham. A lokacin ma Sarki Abdullahi Bayero bai hau ba, sai a shekarar da ta biyo, kuma idan kika duba yadda...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta malam, yaƙin muke jira.

Malam: Can na nufa, ki riƙe sunan nan dai. A watan Yunin 1940 abu biyu suka faru. Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Ingila tana da sojoji a Masar suna tsaron mashigin Suwez, suna buƙatar jirage. Da can ta Bahar Rum ake kai musu kaya, yanzu tekun ya zama tarko. Idan aka ce jirgin ruwa ya kewayo ta Afirka ta Kudu, tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka nemo hanya ta uku. A kwance jirgi a Ingila, a cire fukafukai, a sa shi cikin ƙaton akwati, jirgin ruwa ya kawo shi Takoradi a Gwalkwas, Ghana ta yau. A can makanikai su harhaɗa shi, matuƙi ya hau. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy, wato Njamena, a shiga Sudan ta Janaina da Fashir, a kai Khartum, sannan a bi kogin Nilu har Masar. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda hayaniya ta ɗauke masa. Jiragen na Ingila ne, Masar za su je, teku ya rufe, shi ya sa suka ratso ta ƙasarmu. Takoradi, Legas, Kano, Maiduguri, Njamena, Sudan, Masar. To garke-garken da kakan ya gani fa?

Malam: Haka suke tafiya. Ƙananan jiragen faɗa, irin su Hurricane, mutum ɗaya ne a ciki, ba shi da mai duba masa hanya. Sai a sa babba guda, Blenheim, a gaba, su kuma su bi shi kamar 'yan tsaki. Ki tuna da hazon hunturu a Kano, ranar da ba kya hango ƙarshen layinku. Matuƙin da ya ɓace wa jagora a irin wannan rana ya shiga uku. Ƙura kuma tana cin inji, har wasu jiragen sai an sake yi musu aiki bayan sun isa Masar. Duk da haka, daga 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 suka bi hanyar nan. Wa ke karɓar su a can? Daga 1941 kwamandan sojan sama na hamada shi ne Coningham, wancan da ya sauka a Kano a 1925. Yana riƙe da su aka yi yaƙin El Alamein a Masar a ƙarshen 1942.

Mai gabatarwa: Ikon Allah. Ashe dai da dalilin kewayen. To mai sauraronmu na Njamena ya ƙara da cewa, Cadi ai ta Faransa ce, Faransa kuma ta faɗi. Yaya aka yi aka bar su suka sauka?

Malam: Nan siyasar take. Tsakanin Maiduguri da Sudan dole ka ratsa Cadi. Gwamnanta a lokacin Félix Éboué ne, baƙar fata, haifaffen Giyana ta Faransa. Ranar 26 ga Agustan 1940 ya juya wa gwamnatin Vichy baya, wadda ta sasanta da Jamus, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya. De Gaulle yana zaune a London, ba shi da taƙi ɗaya na ƙasa a Afirka. Cadi ta ba shi wurin tsayawa, ta kuma ba shi abin da Churchill ke buƙata, wato filin sauka. Nijar kuwa tana hannun Vichy har watan Nuwamban 1942, saboda haka ga Damagaram nan kusa da Kano amma ba wurin da matuƙin Ingila zai so ya ɓata ya faɗa ba ne. Jamusawa ma sun san darajar hanyar. A watan Janairun 1942 jirginsu guda ya ƙetaro hamada daga Libiya ya ƙona rumbun mai a Fort Lamy.

Sannan ga Amurka. A watan Agustan 1941 ba ta shiga yaƙi ba tukuna, sai Disamba. Roosevelt yana son taimakon Ingila ba tare da ya tura soja ba. Sai aka ba kamfanin farar hula, Pan American, aikin gyara filaye da jigila a hanyar. A takarda ciniki ne, a zahiri kowa ya san abin da ake yi.

Mai gabatarwa: Ni abin da ke ci mini rai, malam, shi ne irin kakan nan na Fagge. Su suka share fili, su suka gangara duro cikin rana, amma sai ka karanta tarihin yaƙin kaf ba ka ci karo da su ba. Masu sauraro, wanda ke da tsoho a gida da ya ji wannan labari daga bakin iyayensa, don Allah ya zauna da shi ya rubuta.

Malam: Wannan haka yake. Kuma kin ga, jirgi a wancan yaƙi shi ne abin riƙe aboki. A watan Agustan 1942 Churchill ya je Mosko da labari mara daɗi, cewa ba za a tsallaka a buɗe wa Hitila fage na biyu a Faransa a wannan shekara ba. Stalin ya haɗe rai, domin mutanensa ke mutuwa. Abin da ya fara sassauta zaman shi ne da Churchill ya kawo maganar luguden bama-bamai a kan biranen Jamus. Har ya zana masa hoton kada a matsayin Turan da ke hannun Hitila, ya nuna cewa za a soki cikinsa mai taushi ta Arewacin Afirka. Da aka zo Kasabalanka kuma, Ingila ta so Amurkawa su bar kai hari da rana su dawo dare kamar ta, domin da rana ana kakkaɓo jirage. Janar Ira Eaker na Amurka ya shawo kan Churchill cewa a bar kowa da lokacinsa, Amurka da rana, Ingila da dare, kada Jamus ta samu sararin numfashi. An biya da tsada. A hari ɗaya kan garin Schweinfurt na Jamus a watan Oktoban 1943 Amurka ta rasa manyan jirage 60, kowanne da mutum goma a ciki.

Mai gabatarwa: Wannan ya kawo mu ga tambayar wata baiwar Allah daga Garwa a Kamaru, mai cewa shin a cikin shugabannin nan babu wanda ya tuna da talakan da bam ke faɗa wa?

Malam: An yi gardama, sai dai an fi yin ta idan talakan na aboki ne. A 1944, kafin sojojin ƙawance su sauka a Normandi da ke gaɓar Faransa, babban kwamandansu Janar Eisenhower ya dage sai an sa manyan jiragen bam a ƙarƙashinsa, a farfasa tashoshin jirgin ƙasa na Faransa don kada Jamus ta kawo ɗauki. Carl Spaatz na Amurka ya fi son a bi matatun mai, Arthur Harris na Ingila ya fi son biranen Jamus. Churchill ya ji tsoron yawan Faransawan da za su mutu, ya rubuta wa Roosevelt a watan Mayu. Roosevelt ya ce ba zai ɗaure wa kwamandoji hannu ba. Aka yi. A tsawon yaƙin, Faransawa farar hula sama da 50,000 ne bama-baman ƙawayensu suka kashe.

Mai gabatarwa: Inna lillahi. Na Jamus fa?

Malam: A Hamburg kaɗai, a watan Yulin 1943, kimanin mutum 40,000 cikin 'yan kwanaki. Akwai waɗanda suka ɗaga murya a Ingila, kamar Bishop George Bell da ya soki abin a majalisar dattawa a 1944, amma ba a fasa ba.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina uwar da ke Hamburg da wadda ke Faransa kuka ɗaya suka yi, kuma ban ga dalilin da zai sa a auna su da mudu biyu ba. Malam, na ga ka buɗe baki, amma ana ɗaga mini hannu daga ɗakin injiniya. Mai tambaya daga Kaduna a kan jiragen da Amurka ta kai wa Rasha ta Alaska, ka yi haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa. Ɗan'uwanmu na Kumasi, sauran shidan suna nan a ajiye. Malam, mun gode.

Malam: Ni ma na gode. Allah ya kai mu.

Mai gabatarwa: Amin. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta sunan gari. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.