Yadda Ake Binne Kebul Daga Gida Zuwa Gidan Kaji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba a shago kuka same ni ba, muna wata gona ce nan gaba da Rigachikun, kan hanyar Zariya. Ga gidan Alhaji nan bayana, ga kuma gidan kajin can, kun hango kwanonsa. Wuta za mu kai masa, kuma ta ƙarƙashin ƙasa za mu bi. Da Alhaji ya so a kafa itatuwa a ja waya ta sama, na ce masa Alhaji, ka duba bishiyoyin mangwaron nan, ka tuna iskar farkon damina a Kaduna, ka kuma tuna motar da ke shigo maka da buhunan abincin kaji. Ya ce to a binne.

Kai, ɗan matso da kyamarar nan, su ga ramin.

Ramin an riga an haƙa tun jiya, ba sai na koya wa kowa riƙon diga ba. Abin da nake so ku gani zurfinsa ne. Ga tef, kun gani, santimita 60. Wajen ƙafa biyu ke nan. Nan gona ce, ana noma, ana kaftu, don haka ban yarda da ƙasa da haka ba. Masu haƙan sun iso wani wuri can tsakiya suka tarar da marmara, suka ce a bar shi a ƙafa ɗaya. Na ce a'a, a ƙara musu kuɗi su fasa. Duk wanda ya yi aiki a jar ƙasar Kaduna da rani ya san yadda diga ke tsalle a kanta. Shawara, ku zuba ruwa a layin da yamma, da safe ƙasar ta yi laushi.

To, kafin rami ma, akwai lissafi, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Mutum zai je kasuwa ya ce a ba shi waya mai kaurin 4mm saboda ita ya sa wa esi a gida ba ta taɓa zafi ba. Gaskiya ne ba za ta yi zafi ba. Amma nisa na cin wuta. Duk mitar da wutar ta yi a cikin waya tana barin wani abu a hanya.

Bari in yi muku a nan jikin bulo. Daga gidan zuwa can mita 60 ne. A'a, tsaya, 60 tsawon ramin ne kawai, sai ka haɗa da hawa bango nan da can da ɗan rarar da za ka bari, mu ce 65. Kayan da za su hau kai: fitilun ɗumama 'yan tsaki, sumo ta rijiyar burtsatse mai doki ɗaya, firiza, fankoki. Na tara su, sun tasar ma amfiya 20. A jadawalin lissafin waya da muke aiki da shi, wayar tagulla 4mm tana zubar da milibolt 11 a kowace amfiya a kowace mita. Sai ka ce 11 sau 20 sau 65, ka raba da 1000, ya ba ka bolt 14.3. Wutarmu 230 ce, kuma ba a son abin da zai zube ya wuce kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5. Kun ga 4mm ta faɗi. Ita 6mm lambarta 7.3 ce, in ka buga za ka samu wajen bolt 9.5. Ta wuce. Shi ya sa 6mm ce a kan wannan gangar da aka naɗo kebul ɗin. Kuma ku tuna wannan lissafin an yi shi ne kamar 230 ɗin ta zo cif. Ni sau nawa ina sa mita da magariba in ga 190. To ka cire 14 daga 190, ka ce sumo ta tashi. Gurnani kawai za ta yi ta yi har ta ƙone. Da Alhaji ya ce min zai sa injin niƙan abinci nan gaba, da 10mm zan sa shi ya saya tun yanzu, don rami sau ɗaya ake son haƙa shi.

Kebul ɗin kuma amod ne, mai sulke. Ga bakinsa. Baƙar roba a waje, sai waɗannan wayoyin ƙarfe da suka naɗe shi, sai wata robar, sannan wayoyi uku a ciki. Na san wasu suna zura waya mai ɗai-ɗai cikin bututun roba su binne. Yana yi, na ɗan lokaci. Amma duk bututun da ke ƙarƙashin ƙasa sai ruwa ya shige shi, ko ba daɗe ko ba jima, kuma gidan kaji matattarar ɓeraye da gafiyoyi ne saboda abinci. Ni a gona ba na sa komai sai mai sulke.

Wajen saye ku buɗe ido. Ku sa a yanko muku ɗan guntu, ku kankare wayar da wuƙa. In kun ga ja a waje fari a ciki, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, ku ajiye musu abinsu. Ni na fi son na kamfanonin gida, irin su Cutix, Coleman, Nigerchin, kuma ko su ɗin ku saya a hannun dilan da kuka sani, ku duba rubutun da ke jikin robar. Araha ba ta ado, balle a abin da za ka rufe da ƙasa.

Yanzu yashi. Mun shimfiɗa kamar tsawon ɗan yatsa a ƙasan ramin, santimita 7 zuwa 10, yashi mai laushi, ba tsakuwa. Kai, ɗauke wancan dutsen. Ƙaramin dutse mai kaifi, in ƙasa ta danne kebul a kansa shekara da shekaru, sai ya huda robar, ruwa ya samu sulken, tsatsa ta fara.

Gangar kuma mirgina ta ake yi. Mun zura bututun ƙarfe a tsakiya, mun ɗora kan bulo, tana juyawa muna ja. Kada ku kwantar da ita ku dinga zaro kebul daga sama, murɗewa zai yi. A cikin ramin kuma kada a ja shi ya miƙe sar kamar igiyar shanya, a bar shi ya ɗan yi lanƙwasa irin tafiyar maciji. Wajen kwana a yi masa baka mai faɗi. Can inda mota ke wucewa ne kawai muka sa shi cikin bututu mai kauri, muka bar igiya a ciki ko wata rana za a ja wani abu.

Ku lura, daga wannan bangon har wancan, guda ɗaya ne. Babu haɗi. Wannan kam da hawaye na koye shi. Farkon fara aikina ni kaɗai, wani bawan Allah ya ba ni irin wannan aikin a wajen Mando. Kebul ya gaza da kamar mita 4. Maimakon in gaya masa gaskiya a sake saye, sai na haɗa, na naɗe da tef sosai, na zura cikin leda, na binne. Duk rani lafiya lau. Ana shiga watan Agusta, ruwa kwana da kwanaki, ƙasa ta jiƙe sharkaf, cikin dare wuta ta yanke a ɗakin 'yan tsaki. Kwanansu huɗu da zuwa. Da asuba ya kira ni. Na je na tarar sun taru a lungu ɗaya, sun hau kan juna don sanyi, na ƙasan duk sun mutu, yaransa na kwashe su a bokiti. Mutumin nan bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ai da ka faɗa min." Har yau maganar nan tana raina. In dole ta sa sai an yi haɗi, akwai kwalin haɗi na musamman da ake cika shi da ruwan resin ya daskare, shi ake sa wa. Amma mafi alheri ka auna da kyau, ka ƙara mita biyu uku.

To, mu zo wajen da na fi so ku nutsu, wato gilan, ƙarfen da ke kama bakin kebul ya ɗaure shi a jikin akwatin wuta. Nan ne kebul ke shiga akwati, kuma nan ne sulken ke samun haɗuwa da wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. In ba a kama sulken nan da kyau ba, ranar da diga ta sari kebul ɗin, ƙarfen zai ɗauki wuta ya riƙe, burekar ba za ta faɗi ba, mai digar ne zai ji a jikinsa. Na ga ayyuka da yawa an yanke sulken an watsar, an cusa wayoyin cikin akwati haka nan. Wannan ba aiki ba ne.

Gilan iri biyu ne a kasuwa, BW na cikin ɗaki, CW na waje mai robar hana ruwa. Namu CW ne. Ka auna tsawon da kake so ya shiga akwati, ka yi alama. Ka ɗauki zarton ƙarfe ka zagaye... af, tsaya. Ban sa hular ba. Kun ga abin da nake faɗa. Wannan baƙar hular roba ita ake fara zurawa, sannan goron baya. In ka manta har ka ɗaure, sai ka kwance komai. Miƙo min. Yawwa. Ka yanke bakinta daidai kaurin kebul, ka tura ta can baya, goro ya bi ta.

Yanzu zarto. A hankali, rabin kaurin wayoyin ƙarfen kawai za ka ci, ka zagaye. Kada ka yanke su duka, in ka zurfafa ka taɓa robar ciki ka ɓata aikin. Sai ka tsaga robar waje daga nan zuwa baki, ka cire. Ka kama wayoyin uku uku, huɗu huɗu, ka lanƙwasa gaba da baya, kun ji, ƙas, suna karyewa daidai wuri ɗaya. Sai ka ƙara fere robar waje kamar santimita 2 zuwa 3, gwargwadon gilan ɗinka, sulken ya fito. To ga dabarar da na daɗe ban gane ba: ba da sukundireba ake buɗe wayoyin ɗaya bayan ɗaya ba. Ka riƙe kebul da hannu ɗaya, ka kama na cikin ka juya shi kamar kana tuƙa tuwo, sai ka ga sun buɗe da kansu kamar lema. Ka tura mazugin gilan ɗin ƙarƙashinsu. Ka duba, kowace waya ta hau kan mazugin, babu wadda ta shige ciki, babu wadda ta hau kan 'yar uwarta. Ko ɗaya ce ta kauce, goron zai cije a karkace. Ka jawo goro ka ɗaure da hannu tukuna, sannan sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. Ka ja ka gani. Bai motsa ba. Cikin akwatin kuma ka sa wannan zoben tagulla mai kunne, ka ɗaure, daga kunnen ka ja waya zuwa wajen haɗin wayoyin ƙasa.

 

Ta ɓangaren gida, bayan mita za ka ɗauka, bayan canja-oba kuma, don in an tada janareta gidan kaji ma ya samu. Bureka tasa daban, amfiya 25 na sa. Kuma don an ɗauke wuta ba shi ne ka samu damar sa hannu ba. Ana iya kawowa kana tsakiyar aiki, ga inbata, ga yaron da zai tada janareta bai san kana kai ba. Ni fis ɗin a aljihuna yake yanzu haka, ga shi.

A gidan kajin mun kafa ƙaramin akwati, fitilu layinsu daban, sumo nata daban, soket daban, gabansu duka akwai ELCB mai miliamfiya 30, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ƙasa. Wannan ba a sasantawa a kansa. Wuri ne na ruwa, ana wanke ƙasa, yara na shiga ba takalmi, kuma dabba ba ta jure abin da mutum ke jurewa. Ga maɓallin gwaji a jikinsa, a riƙa dannawa lokaci lokaci. Mun kuma kafa sandar ƙasa a can, wato ƙarfen da ake haɗa wayar ƙasa da shi, gefen da ruwan kwano ke zuba, inda ƙasa ba ta bushewa da wuri. Wasu na zuba gishiri da gawayi. Gawayi ban ƙi ba, gishiri kuwa yana taimakawa da farko amma yana cin sandar, ni na fi son in ƙara sanda ta biyu.

Kafin a rufe, mega, wato na'urar da ke gwada ko robar wayoyin tana hana wuta zurarewa. Na sa ta a bolt 500, tsakanin waya da waya, sannan kowace waya da sulke. Ƙa'ida kada ya gaza megaohm 1, amma sabon kebul ɗaruruwa ya kamata ka gani. Kun ga allon, ya wuce iyakar mitar ma. Zan sake aunawa bayan an rufe, don shebur na iya yin ɓarna ba wanda ya lura.

To bismillah, ku zuba yashi a kai, kamar yadda muka yi a ƙasa. Sai a jera bulo a kwance. Sai ƙasa zuwa rabi, a daddaka, sannan wannan tef ɗin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, a shimfiɗa shi tsawon ramin, don mai haƙa ya ci karo da shi tun digarsa ba ta kai ga bulo ba. Dakata, kada ku zuba tukuna. Ba ni wayar. Ina ɗaukar hoton layin daga kusurwar gida, da nisansa daga katanga, da inda ya yi kwana wajen mangwaro, in tura wa Alhaji ya ajiye. Alhaji, ranka ya daɗe, zo ka tsaya nan bakin kwanar, a ɗauka da kai a ciki, ka ga wurin da idonka.