Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Zauren Baje Kolin Zane-zane, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malaman jami'a, masu zane da masu sassaƙa, 'yan makaranta da ke zaune can baya, jama'a maza da mata, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. Mun san aiki ya yi maka yawa, amma ka taso takanas ka zo wannan ɗan zaure namu. Allah ya saka da alheri.

Garin da ka sauka ba baƙon zane ba ne. Tun ƙarni na 19 Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na birni, kuma har yau magina na zuwa su ɗaga kai su kalli bakan-gizon rufinsa. A 1958 wasu ɗalibai a tsohuwar kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Kowa da ƙabilarsa, amma bakinsu ya zo ɗaya: za su karɓi dabarar Bature, su haɗa ta da abin da suka gada a gida. A kan wannan turba muke.

Sai dai mu faɗi gaskiya, da farko mun yi kuskure. Mun rataye zane, muka rubuta bayani da Turanci zalla, muka zauna jiran jama'a. Malaman jami'a na Samaru suka zo, ɗalibansu suka zo, shi ke nan. Mai shayin bakin ƙofarmu ma ya ɗauka ofishin gwamnati ne, bai taɓa leƙowa ba.

Sai muka sake lale. Muka daina karɓar kuɗin shiga. Bayanin kowane zane ya koma Hausa, da boko da ajami, sannan Turanci. Ranar Asabar kuma mukan janye kujeru mu shimfiɗa tabarmi, a dafa shayi, mai zanen ya zauna a ƙasa ya amsa tambayoyi.

Bari in ba ka labarin wata Asabar. Wani dattijo, magini daga cikin birni, ya tsaya gaban wani babban zane na wata ɗaliba 'yar Sabon Gari. Babu mutum a ciki, babu dabba, layuka ne kawai masu sarƙa da juna. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a baya. Can ya ce, "Yarinya, wannan ai dagi ne, sai dai kin bar masa baki a buɗe." Ta ce, "Baba, uli ne, zanen gargajiya na Ibo, irin wanda kakata ke zanawa a bango." Gardama ta kaure, mutane suka kewaye su. Daga ƙarshe ya karɓi alli ya zana mata dagi a ƙasa, ita ma ta zana nata kusa da shi. Yanzu takan bi shi wurin aiki tana koyon shafe da makuba.

Akwai masu zuwa da shakku kan zanen abu mai rai, kuma ba ma raina shakkunsu. Mukan fara kai su ɗakin allunan zayyana da ɗinkin aska takwas. Wasu nan suke tsayawa, wasu su ƙarasa ciki. Mun ga liman daga Tudun Wada da malamin majami'a daga Wusasa sun haɗu a nan suna hira kan tukunya irin ta Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin.

Ranka ya daɗe, ba a tarbar babba a ɓoye masa damuwa. Buƙatunmu biyu ne. Wutar lantarki na yi mana wasa, alhali zafi da laima na ɓata fenti, don haka muna roƙon na'urar hasken rana. Sannan yaran makarantun gwamnati na ƙauyukan kewaye ba su da abin hawan da zai kawo su nan. Mota ɗaya a kowane zangon karatu za ta ishe su.

Yanzu muna roƙonka ka taso mu shiga ciki. Zanen da aka yi gardama a kansa yana hannun dama, dattijon da ɗalibar kuma suna tsaye suna jiran su gaishe ka.

Allah ya ƙara girma, ya maishe ka gida lafiya. Wassalamu alaikum.