Tsohuwar Kwalejin Katsina: ginin ƙasa da ya haura shekara 100

Ku dubi kaurin katangar nan. Tubali ne da jar ƙasa, rufin kuma azara ce aka jera aka yi mata daɓe. Ko ana tsakiyar zafin bazara, da ka sa ƙafa ciki sai ka ji sanyi ya ratsa ka.

Nan ce tsohuwar Kwalejin Katsina da ke unguwar Rafukka a birnin Katsina. A 1921 aka gina ta, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamnan Najeriya Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. An kafa ta ne don horar da malamai da za su koyar a lardunan Arewa, shi ya sa ake ɗebo yara daga Sakkwato, Borno, Bauchi da sauransu. Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya shigo a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo shi a 1928. A waɗannan ɗakunan suka riƙe littafi, tun ba wanda ya san sunansu sai 'yan garinsu.

A 1938 makarantar ta tashi ta koma Kaduna, daga can sai Zariya a 1949. Ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

To, ina labarin ginin da aka bari? Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ke biyo baya idan aka kulle ɗaki aka tafi. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, gara ta shiga azara, damina biyu ko uku sai ka tarar da kango. Gidaje nawa muka rasa ta haka a cikin birnin nan? Abin yana ci mini rai.

Wannan kam Allah ya kiyaye shi. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na Najeriya, daga baya aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Samun masu shiga da fita ne ya raya shi: akwai mai shara, akwai mai lura da tsagewar bango, ana yaɓe idan ya zaizaye.

Yanzu 'yan makaranta ake kawowa ziyara. Za ka ga malaminsu na gaba yana cewa, "Yara, ku bi a hankali, kada ku taɓa." Su kuwa sai ɗaga kai suke, suna ƙirga azarar da Sardauna ya zauna ƙarƙashinta.