Amsoshin Tambayoyinku: Na goge, amma kwamfuta na tafiyar hawainiya

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira, don haka bismilla.

Wata malama ta ce ta sauke bidiyo ya ƙi buɗewa. Malama, ki sa manhajar kallon bidiyo ta VLC. Kyauta ce, kuma da wuya bidiyo ya gagare ta.

Wani yana tambaya ko ya sa manhajar kashe bairos guda biyu don ƙarin tsaro. A'a, Malam, kishiyoyi za ka haɗa, su yi ta faɗa, kwamfuta na shan wahala. Windows 10 da 11 sun zo da tasu manhajar kashe bairos, Microsoft Defender, a cikinsu.

Sai tambayar da ta fi yawa a wannan makon: "Na goge manhajoji barkatai daga fuskar kwamfuta, amma har yanzu sai na gaji da jira kafin ta tashi." Injiniya, ga naka.

Injiniya: To, kafin nan ma, in Windows 10 ce, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025. Ita kuwa Windows 11 tana son RAM aƙalla giga 4, da wani guntu mai suna TPM 2.0...

Injiniya, ka shiga wata gona. Dawo mana.

Injiniya: Afuwan! Ɗan hoton nan mai ƙaramar kibiya a gefe da ya goge, alama ce kawai. Kamar ka cire allon suna daga ƙofar gida ne, mai gidan yana ciki abinsa. Ya shiga Settings, ya buɗe Apps, ya zaɓi manhajar, ya danna Uninstall. Sannan ya haɗa Ctrl da Shift da Esc, Task Manager za ta fito, ya duba Startup, ya kashe waɗanda ke tashi tare da kwamfuta ba gaira ba dalili.

Kun ji dai: goge hoto daban, cire manhaja daban. Na sake faɗa, Settings, Apps, Uninstall. Ku kuma masu danna Next, Next ido rufe wajen sa sabuwar manhaja, ni dai ina ganin rabin nauyin nan ku kuka gayyato shi.

Sai wani mai neman manhajar Microsoft Office ta sata, haba ɗan'uwa! Ga LibreOffice kyauta, tana buɗe takardun Word da Excel. Ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.